Kyamarar da Merle Ta Kawo Gida

Yayana Aubrey Pengelly shi ne mai hoton garinmu, Charters Towers, tun kafin yaƙi. Kowa Aub yake kiransa. Shagonsa na kan babban titi, tsakanin kantin magani da rumfar Clarrie Dunstan mai ɗinkin sirdi. Mu kuma muna zaune a ɗakunan baya: shi da matarsa Merle, da mahaifiyarmu, da ni Dulcie, autar gidan, ina aiki a gidan waya.

Shan inna ya taɓa ƙafar Aub ta hagu tun yana yaro, saboda haka da aka fara ɗibar samari zuwa soja, likita bai ma sa shi ya cire riga ba, ya ce ya koma gida. Wannan bai ci masa rai ba kamar abin da ya biyo baya. Gwamnati ta yi shela cewa duk mai ƙaramar kyamara ƙirar Jamus ya miƙa ta, soja na buƙata, tunda hanyar sayo su ta toshe. Aub yana da guda ɗaya wadda ko ni ba ya bari in taɓa. Ya naɗe ta a tawul ya kai da hannunsa. Abin da ya rage masa sai tsohuwar kyamarar katako mai ƙafa uku, irin wadda mai hoto ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka.

Merle 'yar makiyaya ce daga hayin kogin Burdekin. Hoto ta zo ɗauka a shagon, ta zama matar gida. Aub ne ya koya mata wankin hoto, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane.

"Da ta zo nan ko riƙe farantin hoto ba ta iya ba," haka yake cewa. Ita kuma sai ta yi murmushi ta ci gaba da shanya hotuna a igiya.

Da Japanawa suka matso, sai Amurkawa suka sauka a garinmu. Cikin 'yan makonni suka share daji suka yi filin jirgi a bayan gari. Jirgin ƙasa kan fita cike da shanunmu zuwa mahautar Townsville don ciyar da su, ya dawo ɗauke da akwatuna masu tambarin tauraro: taya, injuna, waya, da abubuwan da ba mu san sunansu ba. Mu kuma aka rage mana ganyen shayi, aka ce mu yi haƙuri, abokan yaƙi ne, mu ba su abin da muke da shi su ba mu abin da suke da shi.

A cikin akwatunan nan har da kyamarori. Clarrie ne ya kawo labarin, don an kira shi ya ɗinka musu madauri na fata.

"Aub, wallahi na ga abin da ya fi ƙarfin bakina," in ji shi, yana tsaye a ƙofar shago. "Kyamara ce kamar bokitin tatsar madara. A cikin jirgi ake dasa ta, ta ɗauko maka tsibiri guda har da mutumin da ke fitsari a gindin kwakwa. Kuma suna neman wanda ya iya wanki, fim ya yi musu yawa."

Washegari Aub ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, ya shafa mai a kai, ya ɗauki hotunansa mafi kyau a jaka, ya nemi mota ta rage masa hanya. Kafin mu gama abincin rana ya dawo. Ya ajiye jakar a bayan ƙofa ya zauna bai cire hula ba.

"Ko buɗe jakar ba su yi ba," ya ce. "Tambaya suka yi, a ina aka haifi uwata."

Mama ta ajiye cokali. A Jamus aka haife ta, aka kawo ta tana jaririya, ko sunan ƙauyensu ba ta iya faɗa daidai ba.

"Ni kuma?" ta ce. "Ni da nake saƙa wa sojojinsu safa?"

Can sai Aub ya juya ga matarsa.

"Ke ki je. Iyayenki ba su da wani tabo. Ki je su ga 'yar koyona ma ta fi ƙwararrunsu."

"Ka tabbata, Aub?"

"Da ban tabbata ba zan faɗa ne?"

Shi ya tura ta da bakinsa. Ina maimaita wannan ne saboda daga baya ya riƙa magana kamar sace ta aka yi.

Aka ɗauki Merle nan take. Kullum da safe motar soja kan tsaya a kwanar banki ta kwashe su, ita da wasu mata, ta dawo da su da yamma. An sa ta rantsuwa ba za ta faɗi abin da ke cikin hotunan ba, amma ba a hana ta faɗin kayan aiki ba, kuma da farko Aub ne ke tambaya. Ta ce fim ɗinsu faɗinsa ya kai tawul, a naɗe yake zuwa kamar bandir ɗin yadi. Ta ce akwai injin da ke busar da hoto kafin ka gama shan kofin shayi. Ta ce idan fim ya ɗan sami tabo, sai a jefa shi a gangar shara.

"A shara?" in ji Aub.

"A shara."

A lokacin nan shi kuwa sai ya yi wata bai ga sabon fim ba. Abin da ake aiko wa farar hula daga birnin Brisbane bai taka kara ya karya ba. Yakan yanka takardar hoto gida biyu, ya ce wa amare su haƙura da hoto ɗaya. Sojojin Amurka kan shigo shagon su nemi hoton da za su aika gida, da sun ga kyamarar katako sai su taɓa juna. Wani ya ce kakansa na da irinta a rumbu. Aub ya fito daga cikin baƙin ƙyalle ya ce masa shago ya tashi.

Sannu a hankali wani suna ya fara shigo mana teburin abinci. Saje Novotny ya ce ruwan garin nan ya cika ɗumi, sai an sa ƙanƙara. Saje Novotny ya nuna mata yadda ake buɗe idon babbar kyamarar. Saje Novotny ya ce hannunta ya fi na kowa tsabta a ɗakin duhu. Ranar da ta faɗi wannan na ƙarshe, Aub ya tura farantinsa gefe.

"Ya ce wa ya koya miki?"

"Bai tambaya ba."

"Ke kuma ba ki faɗa ba."

"Aub, aiki muke yi, ba tarihi muke bayarwa ba."

Ta kan dawo da gwangwanin 'ya'yan itace, ko cingam, ko sabulu mai ƙamshi, abin da ake raba wa duk ma'aikata. Mama da ni mu ci mu lashe cokali. Aub ba ya taɓawa. Ya ce zaƙinsu na sa masa ciwon haƙori.

Clarrie ma bai taimaka ba. Da yamma sukan zauna a barandar mashaya da ke tsallaken titi, daidai lokacin da motar soja ke sauke mata.

"Ga madam ɗinka can," Clarrie kan ce. "Dubi yadda direba ya sauko ya riƙe mata hannu. Kai ka taɓa riƙe mata hannu ta sauko daga wani abu?"

"Rufe mana baki, Clarrie."

"Ni dai lissafi nake. Sun cinye mana nama, sun shanye mana giya, sun sa kuɗin aski ya tashi. Saura me?"

Aub ya fara zuwa kwanar banki da kansa, ya tsaya a inuwar bango kamar mai jiran wani. Ya fara tambayar wa ya zauna kusa da ita a mota. Wata rana na shiga ɗakin wanki na tarar da shi riƙe da rigar aikinta ya kai hanci. Da ya gan ni ya ce maganin wankin hotonsu yake so ya gane.

Merle ba sakarai ba ce. Ta ga inda abin ya dosa, sai ta ce bari ta kashe maganar, ta gayyato Saje Novotny abincin ranar Lahadi. Mama ta gasa cinyar tunkiya da kabewa da dankali. Aub ya sake sa kwat.

Duk mun zaci wani dogon saurayi ne mai haƙora farare irin na majigi. Sai ga wani gajeren mutum mai sanƙo da manyan kunnuwa, gumi ya jiƙa masa hammata, ya girmi Aub da kusan shekara goma. Sunansa na farko Orval. Takalma yake sayarwa a wani gari a jihar Nebraska kafin yaƙi, soja ne suka koya masa hoto. Kafin ya zauna ya zaro hoton matarsa da 'ya'yansa mata uku ya zagaya da shi. Na kalli Aub, na ga ransa ya ƙara ɓaci. Ya shirya wa abokin gaba, aka kawo masa mai sayar da takalma.

Amma Orval bai zo hannu rabbana ba. A rataye a kafaɗarsa akwai akwatin fata, ya ajiye shi a kan kujera kamar baƙo na biyu. Bayan an ci abinci ya buɗe. Kyamarar hannu ce, baƙa, sabuwa fil, da fitilar walƙiya a gefe mai faranti kamar na azurfa. Mama tana tsaye a bakin murhu da butar shayi, ya ɗaga ya danna. Kicin ya haske fat, Mama ta yi ƙara ta kusa sakin buta, muka fashe da dariya. Aub kaɗai bai yi ba. Hannayensa na ƙarƙashin tebur, idonsa na kan kyamarar.

"Irin waɗannan akwati-akwati ne ke kan hanya," in ji Orval. "Wasu na sojojin samanku ne, har da manyan na cikin jirgi. Ku kuna ba mu nama da takalma da barguna, mu muna ba ku wannan. Kuma takalmanku na da kyau, ni na san takalmi."

"Sojojin sama," in ji Aub. "Yaran da jiya suke bin tumaki. Su za a ba."

Orval bai gane zafin maganar ba. Ya tashi yana duba hotunan da ke bangon falo, na mahaƙan zinariya da na ranar sukuwa, yana girgiza kai.

"Maigida, kai ne mai hoto na gaske. Ni danna maɓalli kawai na iya. Ungo, riƙe ta ka ji."

Ya miƙo masa da hannu biyu. Na ga yatsun Aub sun motsa.

"Bar ta a wurinka," ya ce. "Kayan wasan yara ne. Hoto ido ne, ba ƙarfe ba."

Ya tashi ya fita bayan gida wurin kaji. Orval ya tsaya da kyamara a hannu yana kallon Merle, ita kuma ta hau tattara faranti da ƙarfi.

Na bi Aub waje. Yana tsaye gindin mangwaro yana watsa wa kaji dawa, alhali an ba su da safe.

"Aub, ka ga mutumin nan da idonka. Kunnuwansa kaɗai sun isa su kwantar maka da hankali."

"Kin ji yadda take dariya idan ya yi magana?"

"Ni ma na yi dariya. Mama ma ta yi."

"Ta san sunan kowane maɓalli. Kin ga yadda ta rufe masa akwatin? Ko kallo ba ta yi ba, hannunta ya saba."

"To ni faɗa mini gaskiya. Matarka kake kishi, ko kyamarar?"

Ya wurgo mini kwanon dawa. Bai same ni ba, kaji suka yi biki.

Bayan wannan gidan ya yi tsami. Merle ta daina ba da labarin aiki, shirun nata kuma ya fi labarin ƙona shi. Idan ta yi shiru ya ce ɓoye-ɓoye take, idan ta yi magana ya ce alfahari take. Ya ce ta bar aikin. Ta ce shi ya tura ta. Ya ce bai tura ta ta zama Ba'amurkiya ba.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne auren Thelma Rasmussen, 'yar mai gidan burodi, wadda za ta auri wani makanikin jirgi Ba'amurke. Aub ne ya ɗauki hoton auren iyayenta, shi ya ɗauki nata tana jaririya. Sai ga uwar amarya ta shigo shago tana murza jaka, ta ce ango ya roƙi Saje Novotny, shi kuma yana da aiki ranar, amma zai ara wa Merle kyamara ta ɗauka. Wai mai walƙiya suke so, a cikin coci.

"Ba komai," in ji Aub. "Allah ya sanya alheri."

Ranar Juma'a da yamma Merle ta sauko daga mota da akwatin fata a kafaɗa. Clarrie ya yi fito daga barandar mashaya. Ta wuce ɗaki ta ɗora shi a kan kabad, ta ce wa kowa da kowa, tana kallon bango, cewa kayan soja ne, amana ce, Orval bai nemi izinin kowa ba kafin ya ba ta.

Washegari da safe, ranar biki, ni da ita muka tafi gyaran gashi. Da muka dawo, akwatin na nan a kan kabad, a buɗe, babu komai a ciki. Keken Aub ma babu.

Merle ta zauna a bakin gado da gashinta a naɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli agogo, ta tashi ta ce in kira mata Clarrie. Mu uku muka ɗora tsohuwar kyamarar katako a baro, muka tura ta har coci, ni da rigar biki. Merle ta jera ango da amarya a matakalar waje, ta cusa sabon gyaran gashinta cikin baƙin ƙyalle ta ɗauka. Uwar amarya ta tambayi ina walƙiyar. Merle ta ce rana ta ishe su.

Muna dawowa da baro muka tarar da motar 'yan sandan soja a ƙofar shago.

Ashe dutsen da ke bayan garinmu Aub ya hau. Tun yana saurayi daga can yake ɗaukar hoton gari, ya sayar wa baƙi. Ya jingine keke a ƙasa ya ja ƙafarsa har sama. Ya sani sarai cewa soja sun haƙa rumbunan harsashi a jikin dutsen, kowa ya sani, amma ya zagaya ta hanyar awaki yana ganin ba wanda zai lura. Mai gadi ya same shi a tsugune kan wani falalen dutse, da kyamarar sojan Amurka a fuska. Aka tambaye shi inda ya samo ta, ya ƙi magana. Aka bincika aka ga sunansa, da inda aka haifi uwarsa.

Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka cewa an kama ɗan leƙen asirin Jamus. Matar da ke sayen ƙwai wurin Mama ta aiko a ce ta daina. A gidan waya abokan aikina suka riƙa yin shiru idan na shigo. Mama ta zauna a kicin da saƙarta a cinya ba ta saƙa komai.

Kwanaki aka yi yana tsare. Orval ne ya fitar da shi. Ya je gaban manyansa ya ce shi ya fitar da kyamarar daga sansani ba da izini ba, shi ya ba da aro, mutumin nan kuma mai hoto ne da aka bari da yunwar fim, ba wani abu ba. Aka wanke fim ɗin aka duba. Babu rumbu ko ɗaya a ciki, sai rufin kwano, da bishiyoyin mangwaro, da hasumiyar gidan waya, da awaki. Aka saki Aub da gargaɗi. Aka cire wa Orval igiyoyinsa, aka ce ya shirya zai bi ayarin da ke tafiya New Guinea. Merle kuma aka ce kada ta sake hawa motar safe.

Ni na je na taho da shi. Ya rame, gemu ya fito masa. Muka shiga ta ƙofar baya, Merle na tsaye tana guga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula. Na ce a raina yanzu zai ba ta haƙuri.

"Hotunan," ya ce. "Sun fito?"

Merle ta ajiye dutsen guga a hankali.

"Sun fito."

"Kin gan su?"

"Orval ya nuna mini kafin a kulle su."

"Yaya suke?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Sirrin soja ne," ta ce, ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba.

Har ya mutu ba ta faɗa masa ba. Ya tambaya cikin lallashi, ya tambaya cikin faɗa, ya aiko ni in tambaya. Amsar ba ta canja ba.

Orval ya zo sallama kafin su tashi, hannun rigarsa da alamar zare inda aka cire igiya. Ya kawo wa Mama hotonta da buta, baki buɗe. Ya miƙa wa Aub hannu ya ce da shi ne aka raba da aikinsa haka, da ya yi abin da ya fi wannan. Aub ya karɓi hannun yana kallon ƙasa. Da Orval ya fita, Merle ta raka shi har titi. Aub ya tsaya a bayan labule yana leƙe har ta dawo.

Watanni suka wuce. Merle ta koma ɗakin duhun shago, suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani komai sai "miƙo" da "ungo". Sai wata rana wata hafsa mace ta sojojin samanmu ta shigo da shuɗin kaki. Kyamarorin da Amurka ta yi alkawari sun iso Brisbane, da injunan wanki, an jibge su, waɗanda suka iya aiki da su kaɗan ne. Wani a sansani ya ba da sunan Merle. Suna so ta zo ta koya wa 'yan mata.

Aub yana tsaye a wurin. Ya gyara murya ya ce shi ne mai shagon, shi ya koya mata. Hafsar ta ce madalla, ta sake juyawa ga Merle.

Merle ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce za ta zo.

Mun raka ta tasha ni da shi. Ya ɗaukar mata akwati duk da ƙafarsa, ya ƙi bari in taya shi. Da ta shiga ta leƙo ta taga, ya matso.

"Shi yana can?"

"Wa?"

"Kin sani."

"Aub, mutumin yana cikin daji a New Guinea, sauro na cinsa, kuma kai ka kai shi."

Jirgi ya yi kuka.

"Za su ba ki kyamara taki ta kanki?"

Merle ta rufe ido, ta buɗe. Na zaci zagi zai fito, sai ta yi wata 'yar dariya ta gajiya.

"Ka riƙa cin abinci," ta ce. "Dulcie, ki sa masa ido."

Mutanen gari sun ce ba za ta dawo ba. Clarrie har caca ya so yi a kai. Amma da yaƙi ya ƙare ta dawo, da gajeren gashi da sigari a jaka, da kyamarar hannu da ta saya a gwanjon kayan soja. Labarin Orval kuma mun ji ya koma Nebraska da zazzaɓi a jiki, ya ci gaba da sayar da takalma. Merle ta ɗora kyamarar a kan teburin ciniki ta ce ta shago ce, duk mai so ya ɗauka. Aub ya yi mako yana zagaya ta. Daga baya ya ɗauka, ya kuma iya ta sosai. Sai dai masu shigowa sun riga sun koyi wata tambaya: "Matar gidan tana nan?" Idan ya ji haka sai ya ce tana ciki, ya fita wurin kaji.

Sun zauna tare fiye da shekara talatin bayan nan. Ba zan ce ya warke ba.

Da na tashi aure, na rasa wanda zan ce ya ɗauke mu, sai na ce su duka biyun. Suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya a ƙofar coci, kowa na gyara mini mayafi yadda yake so, angona Vern yana gumi a rana. Na sa hotunan biyu a firam iri ɗaya, na rataye su a falo a jere. Duk ranar da Aub ya kawo mana ziyara, kafin ya zauna sai ya tsaya a gabansu, hannu a baya.

"Dulcie, tsakaninki da Allah, wanne ya fi?"

"Duka sun yi kyau."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Wata rana Vern ya gaji, ya ce masa na hagun ya fi, ai ko makaho ya gani. Na hagun na Aub ne. Ya juyo ya kalli Vern, ya kalle ni, fuskarsa ba ta saki ba.

"Ita ta ce ku faɗa mini haka, ko?"